Yadda ake riƙe motsa jiki da rubutu kullum, da hunturu da bazara da damina

Idan ka tambayi waɗanda suka taɓa fara motsa jiki ko rubutu suka watsar, yawancinsu sai sun ambaci yanayi a cikin labarin. Wani zai ce sanyi ne ya riƙe shi a bargo mako guda, daga nan shi ke nan. Wata za ta ce zafi ne ya shigo ga rashin wuta, ta ajiye littafin da niyyar sai ruwa ya sauka, damina ta zo ta wuce littafin yana nan ƙarƙashin katifa. Ba ƙarya suka yi ba. Duk wanda ya taɓa yin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi ke haura digiri 40, ko ya kwana a Jos cikin Janairu, ya san maganar yanayi ba uzurin ragwaye ba ce kawai.

Sai dai yanayin nan namu ba ya zuwa da bazata. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne, Maris zuwa Mayu bazara, Yuni zuwa Satumba damina, sannan agazari ya ɗan gasa mutane kafin iska ta juya. Manomi ba ya mamakin saukar ruwa, tun da rani ya kai taki gona ya gyara garmarsa. Haka ya kamata mai son motsa jiki da rubutu ya yi. Abin da ake riƙewa ƙam guda ɗaya ne, kada rana ta faɗi ba a taɓa aikin ba. Lokacin yin sa, da wurin yin sa, da yawansa, waɗannan duk su bi yanayi.

Na haɗa ayyukan biyu ne don ɗaya yana jan ɗaya. A 2014 masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka sun gano cewa mutane sun fi kawo sababbin dabaru lokacin da suke tafiya da ƙafa, da kuma jim kaɗan bayan sun zauna, har ma idan tafiyar a cikin ɗaki aka yi ta. Wanda ya dawo daga tattaki ya ɗauki biro yakan tarar da jimlar farko tana jiran sa.

Mataki na farko: yanke awo biyu

Kafin ka sayi takalmi ko sabon littafi, zauna ka yanke wa kanka awo biyu, na ranar daɗi da na ranar wahala.

Awon ranar daɗi shi ne abin da kake so ka riƙa yi idan komai ya tafi daidai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 na mai ƙarfi, sannan kwana biyu a mako ya yi abin da zai ƙarfafa tsoka. Idan ka raba 150 ɗin nan, minti 30 ne sau biyar. Matsakaici kuwa ga yadda ake gane shi: kana tafiya numfashinka ya ɗan ɗaga, kana iya hira da na kusa da kai, amma ba za ka iya jan baitin waƙa ba. A ɓangaren rubutu, shafi guda na littafin 'yan makaranta ya isa, ko kalma 200 idan a waya kake yi. Kada ka raina ta. Kalma 200 a kwana 300 kalma 60,000 ke nan, littafi sukutum.

Awon ranar wahala shi ne ainihin abin da zai cece ka, kuma shi ne mutane ke jin kunyar yankewa. Minti biyar na motsi a cikin ɗaki, da jimla uku a takarda. Ka ƙanƙanta shi har ya zama ko ranar da aka kwana ana ruwa, ko ranar da ba ka runtsa ba saboda zafi, ba ka da bakin cewa ba zai yiwu ba. Na san wani zai ce me minti biyar zai yi wa tumbi? Ba zai yi masa komai ba. Aikinsa shi ne ya hana igiyar tsinkewa, domin gobe ka tashi a matsayin wanda yake kan abinsa. Komawa bayan an daina ya fi ci gaba wuya nesa ba kusa ba. A hadisin da Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ruwaito, aikin da Allah Ya fi so shi ne mai ɗorewa ko da kaɗan ne. Maganar ibada ake yi a can, amma wanda ya gwada zai ga hikimar ta shafi sauran al'amura.

Rubuta awon nan biyu a bangon littafinka na ciki. Kuma idan kana da hawan jini, ko ciwon sukari, ko ciwon zuciya, ko sikila, ko ke mai juna biyu ce, a fara nuna wa likita awon kafin a soma. Mai sikila musamman ya kula, domin sanyi da ƙarancin ruwa a jiki duk suna iya tayar da ciwon.

Mataki na biyu: ɗaura aikin a jikin abin da ba ka fashinsa

Kada ka ce za ka riƙa yi "idan na samu lokaci", lokacin ba zai samu ba. Kada kuma ka dogara da agogo kaɗai. Ƙarfe shida na safen Yuni gari ya waye tangararan, ƙarfe shida na safen Janairu kuwa da sauran duhu ga jaura tana kaɗawa.

Mu an hutar da mu, domin muna da lokuta biyar da ke bin rana da kansu. Saboda haka tsara maganar kamar haka: idan na idar da sallar asuba da azkar, zan sa takalmi, idan na dawo na watsa ruwa, zan zauna in rubuta shafina kafin in taɓa waya. Ka ambaci abin da ke gabansa, ka ambaci abin da ke bayansa. Wanda ba Musulmi ba ya ɗaura a kan addu'arsa ta safe, ko shayin safe, ko dawowa daga kai yara makaranta. Sharaɗin kawai ya zama abu ne da kake yi ko ana ruwa ko ana rana.

A nawa ganin safiya ta fi, saboda da yamma al'amura sun riga sun taru: baƙo, biki, ta'aziyya, gajiyar kasuwa. Amma ka tanadi lokaci na biyu, misali bayan la'asar ko bayan isha'i, wanda aikin zai koma idan safiya ta kuɓuce. Wannan ma ka yanke shi tun yanzu, kada ka bari sai ranar.

Mataki na uku: tanadi wuri a waje da wuri a ciki

Na waje ba ya buƙatar dogon bayani. Zaɓi hanya ɗaya da ka sani, wadda za ta ci minti 15 zuwa, 15 dawowa, ko filin makarantar unguwa da za ka zagaya. A garuruwan da ƙwacen waya ya yi yawa, bar wayar a gida, kuma ka jira gari ya yi haske har kana gane fuskar mutum daga nesa. Idan da abokin tafiya, ya fi.

Na cikin shi ne ake mantawa, alhali shi zai riƙe ka kusan rabin shekara. Zaure, ko baranda, ko tsakar gida, ko filin da ke tsakanin gado da ƙofa, muddin zai ɗauki tabarma ɗaya ya wadatar. Ga jerin da za ka haddace, ba ya buƙatar sayen komai.

Fara da taka ƙafa a tsaye wuri ɗaya kana ɗaga gwiwa, minti biyu, har jiki ya yi ɗumi. Sai ka tsaya gaban kujera, ka zauna ka miƙe sau goma ba tare da dafa komai ba. Sai ka fuskanci bango, ka dafa shi da tafin hannu biyu, ka matsar da ƙafafu baya kaɗan, ka kai ƙirji kusa da bangon ka tura kanka baya, sau goma. Sai dakali ko matakalar farko ta bene: hau, sauka, hau, sauka, minti ɗaya. Sai ka kwanta rigingine, ka tanƙwara gwiwa, ka ɗaga ƙugu sama ka sauke a hankali, sau goma. Idan kana son nauyi, jarka mai lita biyar cike da ruwa kilo biyar ce, ka riƙe ta a ƙirji lokacin zama da miƙewa. Zagaye ɗaya na wannan shi ne awon ranar wahala. Zagaye uku ko huɗu, tare da tsallen igiya ga wanda gwiwarsa ke lafiya, ya maye gurbin fita gaba ɗaya.

Ke kuma 'yar uwa da fita ba ta yi miki sauƙi, tsakar gida fili ce. Zagaya ta da sauri minti goma bayan kin sallami yara, minti goma kafin ɗora sanwar rana, minti goma da la'asar sakaliya, kin haɗa talatin ɗinki. Ba dole sai a zama ɗaya ba. Daka da jan ruwa a rijiya da sharar da ke sa zufa duk motsi ne na gaske, sai dai ki ware wani abu da sunan naki ne, don kada ranar da aikin gida ya yi sauƙi jikin ya zauna haka nan.

Rubutu ma wuri biyu yake so: inda kake zama idan akwai wuta da sarari, da inda kake komawa idan babu. Littafi da biro su zama tushe, waya ta zama mataimakiya, domin biro ba ya jiran caji.

Mataki na huɗu: gama shiri tun da dare

Kafin ka kwanta, ajiye takalmi da safa a bakin ƙofa, kayan da za ka sa a kan kujera, ruwan sha a kusa. Buɗe littafin a shafin da za ka ci gaba, ka ɗora biro a kai. Sa fitila mai caji a wuta duk lokacin da aka kawo, kada ka jira dare. Sannan ka leƙa sama ko ka saurari hasashen NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, a rediyo, ka yanke tun a daren cewa gobe ta waje ce ko ta ciki. Da asuba mutum ba ya yanke shawara mai kyau, bargo ne ke yanke masa.

Mataki na biyar: hunturu

Wahalar hunturu biyu ce, sanyi da ƙura, kuma ƙurar ta fi cutarwa. Yawancinta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi iska ke kwaso ta, lallausa ce ƙwarai, tana wucewa har cikin huhu. Mai gudu kuwa yana zuƙar iska ninkin abin da mai zama ke zuƙa, yawanci ta baki.

Ga gwaji mai sauƙi. Zaɓi wani abu mai tsawo da kake hangowa daga ƙofar gidanka a ranar da gari yake garau, hasumiyar masallaci ko eriyar kamfanin waya. Kowace safiya ka dube shi. Idan kana ganin sa sosai, fita. Idan ya yi dishi-dishi, sa takunkumi ka yi tafiya kawai, ban da gudu. Idan hazo ya haɗiye shi, ranar ta ciki ce, ba jayayya. Mai asma ya fi kowa bin wannan, kuma kada ya fita ba abin shaƙarsa a aljihu.

Sanyi kuwa da dabara ake cin sa. Sa kaya biyu ko uku marasa nauyi maimakon ƙatuwar riga ɗaya, don ka iya cire na sama idan jiki ya ɗau zafi. Hula ta rufe kunne. Yi minti biyar na taka ƙafa a cikin ɗaki kafin ka buɗe ƙofa, domin tsoka mai sanyi ta fi saurin jin ciwo, kuma wanda jikinsa ya riga ya yi ɗumi ba ya jin tsoron fita. Idan aikinka ya ba ka dama, mayar da fitar zuwa hantsi ko bayan la'asar, ka bar wa asuba rubutu. Shafa man kaɗe ko basilin a dunduniya da leɓe da bakin hanci, saboda faso yana hana tafiya, bushewar hanci kuma tana kawo haɓo. Sha ruwa ko ba ka jin ƙishirwa, iskar hunturu tana tsotse ruwan jiki ba tare da ka ga zufa ba.

Hunturu lokacin marubuci ne idan ya san kansa: dare dogo, gari shiru, ba sauro sosai. Zauna da bargo a kafaɗa da kofin shayi, ka riƙe kofin ya ɗumama yatsu kafin ka kama biro. Amma ina roƙon ka, kada ka shigar da kaskon gawayi ɗaki ka rufe ƙofa da taga. Hayaƙinsa yana da guba marar wari, tana sa barci, kuma mutane suna mutuwa a haka. Haka janareta a zaure ko kusa da taga.

Mataki na shida: bazara

Nan ne ya kamata a fi natsuwa, domin a nan ne garin neman ƙiba ake samo rama. Zafi yana kisa, kuma ba ya tambayar ko kai matashi ne.

Lokacin fita ɗaya ne mai kyau, daga wayewar gari zuwa kafin rana ta ɗaga, wajen ƙarfe bakwai da rabi. Yamma tana yaudara, rana ta yi sanyi a ido amma kwalta da bango suna ta fitar da zafin da suka sha tun safe. Daga sha biyun rana zuwa huɗu kuwa babu maganar motsa jiki a waje ko kaɗan.

Idan zafi ya fara shigowa a Maris, rage awonka na ranar daɗi zuwa rabi, sannan ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Jiki yana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da aiki a cikin zafi. Sa tufafin auduga masu haske, sakakku. 'Yan uwa mata su zaɓi hijabi marar kauri don wannan fitar. Sha ruwa da ka tashi, ledar ruwa ɗaya rabin lita ce, ka tafi da wata a hannu kana kurɓa, ka sake sha idan ka dawo. Fitsari ne zai gaya maka gaskiya: idan ya yi fari-fari ko ruwan ɗorawa mai haske, lafiya lau; idan ya yi ja ya yi kaɗan, jikinka yana bin ka bashin ruwa. Ranar da ka yi zufa sosai har kana jin kasala ko jijiyar ƙafa tana ɗaurewa, haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya tambayi likitansa a kan wannan tukuna.

Ka san alamomin tsayawa. Jiri, ciwon kai, tashin zuciya, bugun zuciya da ya ƙi lafawa: tsaya nan take, nemi inuwa, jiƙa kai da wuya, sha ruwa, kuma aikin ranar ya ƙare. Idan kuwa abokin tafiyarka ya fara magana ba kan gado, ko yana tangaɗi, ko ya faɗi, wannan ya wuce gajiya. A kai shi inuwa, a rage masa kaya, a yi ta kwara masa ruwa ana yi masa fifita, a garzaya asibiti. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki.

Abin da ke kashe rubutu a bazara rashin barci ne. An kwana ana juyi a tsakar gida, an tashi kai ya yi nauyi. Don haka rubuta da sassafe, da ka dawo ka watsa ruwa, kafin kwanon rufi ya ɗau zafi. Fita da littafin ƙarƙashin bishiya ko rumfa. Sa hankici ƙarƙashin hannunka don kada zufa ta jiƙa takarda tawada ta baje. Idan da hali ka yi ƙailula ko ta minti ashirin ce, ita ce za ta biya maka bashin daren. Waya da kwamfuta ma zafi yana wahalar da batirinsu, kada ka bar su a rana ko a kan katifa suna caji.

Sai azumi, wanda kowace shekara yake matsowa da kwana goma ko sha ɗaya. A 2024 da 2025 ya faɗo a cikin Maris, ana tsakiyar shigowar zafi. A watan nan ka sauka zuwa awon ranar wahala ba tare da jin ka gaza ba. Tafiya mai sauƙi ta minti 15 zuwa 20 dab da magariba, yadda kana gamawa za a sha ruwa, ko kuma bayan asham idan abinci ya faɗa. Rubutu kuma bayan asuba, lokacin da sahur bai gama narkewa ba kuma kai yana garau.

Mataki na bakwai: damina

Damina ta fi sauran daɗin fita. Ƙura ta kwanta, gari ya yi sanyi, sai dai ba ta da alƙawari. Dokar ita ce: idan gari ya buɗe, fita yanzu, kada ka ce sai an jima. Yayyafi ba ya hana tafiya. Tsawa ce ke hanawa. Muddin kana jin rugugin tsawa, aradu tana iya kaiwa inda kake, saboda haka shiga gini, ka jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe. Kada ka fake a gindin bishiya, kada ka tsaya a tsakiyar fili. Kada ka ratsa ruwa mai gudu ko ruwan da ya rufe hanya, ba ka san inda bakin lambatu yake ba, ba ka san ko wayar wuta ta faɗa ciki ba.

Cikin Agusta, idan marka ta kama, za a iya yin kwanaki rana ba ta fito ba. Makon nan na tabarma ne da kujera da bango. Takalmin da ya jiƙe, cusa masa tsohuwar jarida ka ajiye inda iska ke bi, kuma idan da hali ka mallaki na biyu ko da na gwanjo ne.

Sauro yana fitowa daga magariba zuwa asuba, daidai lokutan da kake son fita ko zama rubutu. Sa riga mai dogon hannu, kuma idan da dare kake rubutu, shiga gidan sauro da fitilarka da littafinka, ka ɗora shi a kan faranti ko katako. Idan zazzaɓi ya kama ka, a yi gwaji a sha magani, a ajiye motsa jiki gaba ɗaya har sai jiki ya warware. Ba a motsa jiki da zazzaɓi.

Littafin kuma sai an kare shi daga yoyo da laima da gara. Sa shi a leda ko roba mai murfi, kuma kowace Juma'a ka ɗauki hoton shafukan makon da waya ka tura wa kanka.

Mataki na takwas: ranar da kai ya toshe

Wani lokaci yanayi ba shi da laifi, ka zauna ne kawai ba abin da ya zo. Dabara ta farko, kada ka riƙa rubutu har sai ka ƙare tas. Tsaya a inda ka san abin da ke biye, ko da a tsakiyar jimla ne, gobe sai ka ɗora. Ta biyu, idan ba ka da abin faɗa, rubuta abin da idonka ya gani a fitar yau: mai shayi yana hura wuta da murfin tukunya, almajirai sun kewaye wutar kara sun miƙa tafin hannu, launin da sama ta yi kafin hadari ya taso daga gabas. Wannan ba ɓata takarda ba ne, da irinsa ake koyon gani, kuma watarana za ka dawo ka ɗebo shi ka sa a labari. Ta uku, raba ranar rubutu da ranar gyara. Wanda ke goge kowace jimla kafin ya rubuta ta gaba ba zai cika shafi ba.

Idan a waya kake rubutu, kashe data kafin ka fara, in ba haka ba WhatsApp zai cinye rabin sa'ar. Sa allon rubutu na Hausa, Gboard yana da shi, don ka samu ƙ da ɗ da ɓ ba tare da wahala ba.

Mataki na tara: lissafi, fashi da komowa

Rataye kalanda inda za ka gan ta kullum. Kowace rana alama biyu, ɗaya ta jiki ɗaya ta biro. Cikakken awo ka yi da'ira, ƙaramin awo ka yi ɗigo. Duka biyun sun shiga lissafi. Bayan wata biyu ka duba inda ɗigo ya fi yawa da inda aka bar fili, za ka ga ko ranar kasuwa ce ke kayar da kai, ko daren da ka daɗe a majalisa, sai ka gyara wannan wurin kaɗai.

Kada ka yarda da masu cewa kwana 21 ya isa abu ya zama jiki. Binciken da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a jami'ar University College da ke Landan, wanda ya fito a 2009, ya nuna matsakaicin lokacin kwana 66 ne, wasu 18 ya ishe su, wasu sai da lissafi ya kai 254. Ka ga ke nan kafin abin ya zauna maka, mai yiwuwa ne yanayi ya juya aƙalla sau ɗaya. Binciken ya kuma nuna fashin rana guda ba ya rushe abin da aka gina. Don haka idan ka yi fashi, kada ka rama da ninki washegari, kada kuma ka ce sai Litinin ko sai sabon wata. Washegarin ka yi ƙaramin awo kawai, ka sa ɗigonka.

Idan fashin ya yi tsawo saboda jinya ko tafiya ko rasuwa, komo ta ƙaramin awo na kwana uku, sannan rabin cikakken awo na mako guda, sannan ka koma inda kake. Ƙari kuwa sai ka yi mako huɗu kana cika awonka ba tare da jan ƙafa ba, sannan ka ƙara minti biyar a tafiya ko rabin shafi a rubutu, ɗaya daga ciki, ba duka biyun a mako ɗaya ba. Kuma kada ka yi ƙarin a farkon bazara ko a cikin azumi, ka bari sai ruwa ya sauka ko sai kaka.